Igiya Ta Huɗu

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Alhamdulillahi, an sallamo ni. Na shigo gidana da ƙafata, ba a ɗauke ba. Da motar ta kwano layinmu na Unguwar Rimi na hango mangwaron ƙofar gida, sai da na yi ƙwalla, don wallahi ban zaci zan sake ganinsa ba.

Likita ya ce huhuna ya yi tabo, ba zai ƙara jan iskar da za ta ishe ni ba. Saboda haka oksijin dare da rana, har illa masha Allahu. Yasmin, autata da ke aure a Abuja, ita ta sayo injin. An ajiye shi a falo kusa da kujerar maigidana Alhaji, don yana da ƙugi da zafi, ba zai zaunu a ɗakin kwana ba. Daga jikinsa wata doguwar roba ta fito, ta ratsa falon, ta shigo ɗaki, ta hau bayan kunnuwana, ta ƙare a hancina da 'yan ƙahonni biyu.

Na ce da su, to, Kaltume ta zama akuya. Ga turke, ga igiya. Ba wanda ya yi dariya sai Mariya.

Magana tana cin numfashi, biro kuwa ba ya ci. Shi ya sa na koma nan.

Talata, 7 ga Mayu

Ma'aikaciyar jinya ta zo ta karanta mini dokoki kamar sabuwar ɗaliba. Ni da na yi shekaru ina kafa wa 'yan makaranta doka a ma'aikatar ilimi, yau ni ake ɗaga wa yatsa. Ba wuta kusa da ni. Ba shiga kicin in ana girki. Ba basilin a hanci ko a fuska, ba kowane irin mai. Duk na ce to. Da ta ce ba turaren wuta, sai na ce a'a, 'yar nan, tsaya. Gidan da ba turaren wuta ai shago ne. Ta ce, "Mama, ko turare ko rai." Yarinya ƙarama da baki kamar reza. Amma gaskiya ta faɗa.

Mariya ta kwashe kaskon da kwalaben ta kai sito. Ita ce ƙanwar Alhaji, tun da mijinta ya rasu take zaune ita kaɗai a Unguwar Shanu. Ta ce kullum za ta riƙa hawo keke ta zo ta yi mana girki. Allah ya saka mata. Gishirinta ne dai sai a hankali.

Alhamis, 9 ga Mayu

Alhaji ya taka mini igiya.

Asabar, 11 ga Mayu

Ya sake takawa. Na fito zan wuce banɗaki sai na ji an ja ni ta kunne, na waiwaya, ga ta a ƙarƙashin ƙafarsa yana karatun jarida abinsa. Na ce, Alhaji, kashe ni za ka yi? Ya ce, "Na'am?" Na maimaita. Ya ce, "Ai na sha." Shayi yake nufi.

Kunnen nan nasa kullum ƙara tafiya yake. An saya masa abin ji, ya ce yana sa masa duniya ta koma kamar tashar Kawo, ya jefa a aljihun tebur. Da can ina da muryar da zan kai masa magana har ƙofar gida. Yanzu in na ɗaga murya sai tari ya turnuƙe ni. Kurma da mai ƙarancin numfashi a gida ɗaya. Allah mai haɗa abinsa.

Duk da haka na gode. Jiya na yi barci ban farka ina fafutukar iska ba, rabona da haka tun kafin azumi.

Laraba, 15 ga Mayu

Bayan kunnuwana sun saɓule. Robar tana goga wurin kamar sabon takalmi, ga zufa, ga ɗankwali ya danne ta. Na dama ya fi, har ruwa yake yi. Hancin kuma ya bushe ƙamas, da safe na fyace na ga jini.

Bayan azahar, da Mariya ta shiga wanke-wanke, na zare ta na rataye a kan allon gado. Wayyo daɗi! Na shafa fuskata na ji ta tawa ce. Ban daɗe ba, ɗan lokaci ne kawai. Kaina ya ɗan yi nauyi daga baya, shi ke nan.

Ba wanda ya gani.

Juma'a, 17 ga Mayu

Jiya ma na cire. Yau ma.

Da la'asar sai ga wayar Yasmin. Ko gaisuwar kirki ba ta bari mun gama ba. "Umma, cirewa kike yi." Na ce wa ya gaya miki? Ta ce ba wannan ba ne zancen. Ta ce likita ya gaya mata ƙarara, duk lokacin da na cire, zuciyata ce take biya, kuma ba lallai in ji a jikina ba sai ta gaji. Sannan ta sauke murya ta faɗi abin da ta kira don shi. Za su zo Babbar Sallah. In ta tarar ban riƙe abin nan yadda aka ce ba, da ni za ta koma Abuja. Ta gyara ɗaki, ta yi magana da mai jinya, mijinta ya amince, yayyenta duk sun amince.

Na ce, Abbanku fa? Ta san amsar. Alhaji Abdurrahim ba zai kwana gidan suruki ba ko da Kaduna za ta kama da wuta. Mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gaban mijin 'yarsa ba. Ke nan ni can, shi nan. Fiye da shekara arba'in, ban da aikin Hajji da kwanciyar asibiti, ban taɓa barinsa ba. Wa zai riƙa tuna masa maganin hawan jini? Wa zai yi masa faɗa?

Ba zan je ba. Amma na san 'yar da na haifa, halina ta ɗauko kaf.

Asabar, 18 ga Mayu

Ruwa ba ya tsami banza. Mu uku ne a gidan nan. Ɗaya ba ya ji, ɗaya ni ce. Saura wa?

Litinin, 20 ga Mayu

Na tare Mariya. Ta kawo mini kunun gyaɗa, na ce ajiye, zauna. Na ce, ashe bayan girki har aikin jarida kike yi? Ta ce, "Wace jarida, Yaya?" Na ce wadda ake bugawa a nan a karanta a Abuja. Ta dafe ƙirji ta ce ita ko lambar Yasmin ba ta da ita a sabuwar wayarta. Na ce da ɗan gari akan ci gari. Ta ce, "To in ma ni ce, ƙarya na yi? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa." Ta ɗauki mayafinta ta fita tsakar gida tana ƙunƙuni.

Kunun ya yi daɗi, na shanye. Ban faɗa mata ba.

Laraba, 22 ga Mayu

Yau dai abin kirki. Ma'aikaciyar jinya ta dawo, na nuna mata hancin. Ta haɗa wa injin wata 'yar kwalba mai ruwa, iskar tana bi ta ciki tana ɓulɓul kafin ta iso ni, ta daina zuwa a bushe. Ta ba ni wani abin shafawa mai kama da ruwan kuɓewa, ba mai a cikinsa, ta ce shi zan riƙa sa wa a bakin hanci. Ta kuma nuna mini ashe juye nake sa ƙahonnin, ya kamata lanƙwasar ta kalli ƙasa. Tun da na dawo nake soke kaina a banza! Na ce me ya sa ba ku faɗa ba? Ta ce ta faɗa, ina faɗan turare ne a lokacin.

Kunnen ta wanke ta sa auduga da filasta. Kafin magariba zufa ta ɓamɓare su.

Alwala ma na gano kanta. In na zo kurkurar baki da shaƙa ruwa sai in ɗaga ta zuwa goshi, in gama in mayar. Salla kuwa sai in zura igiyar ta cikin hijabi ta fito ta baya, ba ta ƙara shiga tsakanina da darduma. Yau na kai goshina ƙasa a sallar la'asar, ba a kujera ba. Na daɗe a sujadar. Ban roƙi komai ba, godiya kawai na yi ta yi.

Lahadi, 26 ga Mayu

Hadari ya haɗo tun hantsi, aka tsuge da ruwa, aka ɗauke wuta. Batirin sola bai cika ba saboda kwana biyu ba rana, sai injin ya hau kuka ƙi-ƙi-ƙi ya mutu. Mariya ba ta iso ba, ruwa ya tare ta. Na kira Alhaji, na san aikin banza nake. Na yunƙura zan sauko in jawo tukunyar iska ta ko-ta-kwana da ke bayan ƙofa, ƙafata ta harɗe, na zube a gefen gado.

Kafin in ɗago sai ga shi a kaina. Ko takalmi babu. Ya jawo tukunyar, ya murɗa, ya sauya robar, bai yi kuskure ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ni har numfashina ya daidaita. Sannan ya ce, "Sannu, Kaltume." Rabon da ya kira sunana haka har na manta, kullum Hajiya.

Ta yaya ya sani? Mutumin da tsawa ma sai dai ya ga walƙiya. Na tambaye shi, ya ce, "Na'am?" Na ƙyale shi. Allah ne ya turo shi.

Talata, 28 ga Mayu

Kunnen dama ya kumbura. Na yi haƙuri, na yi haƙuri, na kasa. Mariya ta tafi suna Hayin Banki, tun safe ta aje mana abinci a kula ta wuce. Na ce yau dai ba 'yar jarida. Na zare na rataye.

Ko la'asar ba a kira ba Yasmin ta bugo. "Umma, don Allah, don Annabi." Kuka take yi.

Ba Mariya ba ce ke nan. Innalillahi. Ko dai yarinyar nan ta maƙala wani abu a jikin injin da yake nuna mata a waya? Yaran yanzu ba abin da ba za su iya ba. Na zagaya shi na duba gaba da baya, ban ga komai ba. Alhaji yana kallona ta saman tabarau.

Laraba, 29 ga Mayu

Na ce da Mariya miyar jiya ta yi daɗi. Ta ce, "Yaya, in haƙuri za ki ba ni, ki ba ni kai tsaye, ki bar miya ta huta." Na ba ta. Muka yi dariya har tari ya kama ni.

Na nuna mata kunnen. Ta yi salati ta ce wannan ai ko jaki aka ɗaura wa sai ya yi tutsu. Muka zauna shawara. Auduga ba ta zama, filasta ba ya kamawa. Na tuna da wani tsohon zanena na atamfa da wanki ya cinye har ya yi laushi kamar fatar jariri. Muka yanka shi siri-siri, na ɗinke kamar 'yar riga, muka zura wa robar daidai inda take hawa kunne. Sai Mariya ta ce me zai hana a ɗauke wa kunnen kayan gaba ɗaya? Ta ɗinka maɓalli biyu a jikin hular da nake sawa a ƙarƙashin ɗankwali, ɗaya ta kowane gefe, sama da kunne kaɗan. Robar ta rataya a maɓallan.

Kai! Kamar an sauke mini tulu daga ka. Na ce Mariya, Allah ya ba ki aljanna. Ta ce amin, amma ba yanzu ba.

Lahadi, 2 ga Yuni

Kunnen ya fara bushewa. Mun yi huluna uku, ana wanke wata ina sa wata. Rigunan robar ma haka, don zufa.

Ban cire ba tun ranar Laraba. Yasmin ba ta kira da kuka ba, ta kira ta tambayi ko ina son leshi ko shadda.

Laraba, 5 ga Yuni

Turai maƙwabciyata ta shigo dubiya. Na so in ɓuya, don ban son a gan ni da abu a hanci kamar saniyar noma. Ta zauna muka yi hira har ta manta da shi, ni ma na manta. Da za ta tafi ta fesa mini turarenta a gefen labule, can nesa da ni, ta ce tun da an hana hayaƙi ai ba a hana ƙamshi ba. Ɗakin ya yini yana ƙamshin mutane.

Lafiya uwar jiki. Da ban san iska ni'ima ce ba sai da aka fara auna mini ita.

Asabar, 8 ga Yuni

An kawo ragon layya, an ɗaure shi a gindin mangwaro. Ta taga nake kallonsa. Ya je iyakar igiyarsa ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Na ce sannu ɗan'uwa. Bambancinmu dai, ni tawa raya ni take yi.

Alhaji bai je kasuwar da kansa ba, aike ya yi. Shi da ba ya yarda kowa ya zaɓar masa rago. Yanzu na lura, majalisarsu ta ƙofar gidan Alhaji Isma'ila ma ya daina zuwa. Masallaci kawai, shi ma in Mariya tana nan, ana sallamewa ya dawo. Kullum yana kujerar nan. Na ce tsufa ne ya kama shi.

Talata, 11 ga Yuni

Wannan kam dole in rubuta shi.

Bayan azahar ina kwance, sai na ji ƙishi. Maimakon in ja igiyar a bayana yadda na saba, sai na tattaro ta a hannu ina naɗewa don kada ta kama ƙafar kujera. Na iso bakin labule a hankali. Alhaji yana zaune, carbi a hannu, ido a rufe. Ga igiyata a tsakanin babban yatsan ƙafarsa da na kusa da shi. Ba takawa ya yi ba. Riƙe ta yake, sako-sako, kamar mai kamun kifi. Ya janye rarar ya tara a gefen kujera, ta miƙe daga ƙafarsa zuwa ƙofar ɗakina.

Na ɗan girgiza ta. Nan take ya buɗe ido ya juyo.

Na zo na tsaya a gabansa yadda zai ga bakina. Na ce, mene ne wannan? Ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya ce, "Ba na jin kiranki. Ba na jin kukan injin. Wannan nake ji." Ya ce in tana fuskata, ko juyi na yi, ko tari, ko gyara filo, sai ta motsa masa a ƙafa. Ranar ruwan nan fizgar da ta yi ce ta tashe shi. Ya ce, "In kin rataye ta a gado kuwa, sai ta mutu. Ba ta ko motsi. Ranar farko na zaci ke ce." Bai ƙarasa ba. Ya ce ya taso ya leƙa ta labule ya gan ni ina shafa fuska ina murmushi, ya koma ya zauna.

Na ce, kai ne kake kai ni ƙara wurin Yasmin.

Ya ce, "Ni ne."

Na ce me ya hana ka yi mini magana da bakinka? Ya ce in ya yi, faɗa zan yi, faɗan kuma numfashi zai ci, shi kuma ba zai ma ji abin da na ce ba, asara biyu. Na ce ka san abin da ta ce za ta yi? Ya ce ya sani, da shi aka yi shawarar ta saƙon waya. Nan fa raina ya ɓaci. Na ce wato so kake a kwashe ni a kai Abuja ka huta? Na faɗa da ƙarfi, ya ji sarai.

Ya ce, "So nake ki yi numfashi, Kaltume. In a nan ne, alhamdulillahi. In a can ne, zan iya zama ni kaɗai. Ɗaya zaman kaɗaicin ne ba zan iya ba."

Na juyo ɗaki. Ruwan ma ban sha ba.

Laraba, 12 ga Yuni

Ban yi masa magana ba. Munafuki. Kwana goma yana kallona ina zargin baiwar Allah.

Alhamis, 13 ga Yuni

Na gaya wa Mariya. Na zaci za ta taya ni faɗa, sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ta fita falo ta tsaya a gabansa ta ɗaga murya yadda har Turai za ta ji. "Yaya! Kowa igiya uku aka ɗaura masa, kai ka je ka ƙaro ta huɗu!" Ina jinsa yana cewa, "Na'am?" Na san ya ji. In ya ga dama yana ji.

Ta dawo ta ce mini, "Ke dai ki gode wa Allah. Nawa mijin har ya koma ga Mahaliccinsa bai san kalar ɗankwalina ba." Na ce ke dai tafi ki duba tukunya.

Duk takawar nan da na yi ta masifa a kai. Ashe lokacin yana koyon riƙon ne.

Lahadi, 16 ga Yuni, ranar Sallah

Allah ya maimaita mana. Ban je idi ba, na bi kabbara daga taga. Su Yasmin sun iso jiya da yamma da yaran. Ƙaramar, Umaima, ta tsaya daga nesa tana kallon hancina, can ta matso ta ce, "Hajiya, ke ma caji ake miki?" Na ce eh, kakarki ta zama waya.

An kai suya can bayan gida, nesa da ɗakina, an rufe tagar wajen. Ƙamshin dai ya san hanya. Shekarar farko ke nan da ban tsaya a kan kaskon suya ba. Na ɗan ji wani iri, ba zan ɓoye ba. Amma ina zaune da sabuwar shadda, jikoki suna tsallake igiyata kamar masu wasan 'yar gala-gala, ana miƙo mini hanta mai zafi. Bara war haka wa ya san za a yi wannan? Wasu da muka kwanta ɗaki ɗaya da su a asibiti ba su ga yau ba.

Litinin, 17 ga Yuni

Yau aka yi shari'ar. Yasmin ta zaunar da ni, ta ɗaga hula ta duba bayan kunnuwa, ta haska hancina da fitilar waya, ta maƙala mini ɗan abin nan na auna iska a yatsa ta tsura wa lambar ido. Ta juya maɓallan Mariya tana jinjina kai. Ta ce duk ta gani, kuma ta ji daɗi. Amma zancen wuta fa? Ranar da na faɗi fa? Abba ba ya ji, Gwaggo Mariya ba kwana take yi ba. Ta ce hankalinta ba zai kwanta ba, gara dai mu tafi.

Alhaji yana kujerarsa, ya kasa kunne bai samu komai ba, sai kallon bakinmu yake. Ba zai ce kada a tafi da ni ba, na san shi, ya riga ya ba da kalmarsa.

Na ce, Yasmin, tashi ki koma bakin ƙofa ki tsaya. Na ce da Alhaji ya rufe ido, na nuna masa da hannu. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na saki labule. Na yi tari ɗaya, ƙarami.

Sai muryarsa daga falo: "Ga ruwa nan a kan durowa, Hajiya."

Da na fito Yasmin tana tsaye tana kallon ƙafar ubanta. Ita ma ashe ba ta san ta yadda yake sani ba, ta zaci leƙe yake yi. Na ce, a Abujar taku akwai mai jinyar da za ta yi mini wannan? Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle mu da muke Unguwar Rimin. Ta yi dariya tana share hawaye. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Abba, tun yaushe?" Ya ce, "Na'am?"

An tsaya a kan za a ƙara batir, Mariya za ta dawo ɗakin baƙi da zama, shi kuma dole ya riƙa sa abin jinsa ko da rana ne. Ya ce to, da sharaɗin za a rage masa ƙara. Ni kuma na yi alkawari a gaban kowa ba zan ƙara ratayewa ba.

Ina nan. Alhamdulillahi, ina nan.

Alhamis, 20 ga Yuni

Sun koma. Gida ya yi shiru, sai ɓulɓul ɗin kwalba.

Na kore shi majalisa da yamma. Na ce je ka, mutane za su ce na shanye ka. Ya tsaya yana kallon igiyar a ƙasa. Na ce ba inda za ta. Ya tafi yana waiwaye. Har ya dawo tana fuskata, ba mai riƙe da ita, ba mai kai rahoto.

Lahadi, 23 ga Yuni

Mariya ta ce in goge injin, turkena ya yi ƙura. Na ce wane turke? Sunansa inji. Ta kalle ni ta taɓe baki.

Yana sa abin jin yanzu, yana jin kirana sarai. Amma ɗazu da na leƙa, igiyar tana nan a tsakanin yatsunsa. Tsoho da abin da ya saba.

Da azahar na kwanta ina karatu, na daɗe ban motsa ba. Sai na tuna akwai wanda yake zaune a can da igiya shiru a ƙafarsa. Na kai hannu na ɗan girgiza ta sau biyu. Jim kaɗan na ji ta motsa a kumatuna, a hankali, sau biyu.

Ba don shi na yi ba. Kunnena ne yake ƙaiƙayi.